Daga New Bell zuwa tsibirin Manoka: ƙauyen masunta da hasumiyar da teku ke ci

Mutum zai iya shekara ashirin a unguwar Hausawa ta New Bell, yana kai da kawowa tsakanin Babbar Kasuwa da kasuwar Kongo da masallaci, bai taɓa sa ƙafa a jirgin ruwa ba. Duwala gari ne na bakin ruwa, amma ruwan a ɓoye yake bayan katangun tashar jiragen ruwa da rumbunan kaya. Ga wanda ke son ya ga ruwan da idonsa, akwai tafiya ta yini guda da ke farawa daga Yupwe, ƙauyen masunta da gari ya haɗiye, ta ratsa bakin kogin Wuri zuwa tsibirin Manoka, ta ƙare da tattaki a gaɓar teku zuwa kangon wata hasumiya ta zamanin Jamusawa. Mutanen tsibirin suna kiran kangon kurkukun Manga Bell, kuma sunan wannan sarki shi ne ya haɗa wurin da tarihin New Bell kanta.

Yupwe

Yupwe, wanda ake rubutawa Youpwé a allunan hanya, yana cikin gundumar Duwala ta Biyu, wato gunduma ɗaya da New Bell. Yana kudancin gari, a bakin wani rafi da ke shiga cikin dajin ruwa. Daga unguwar Hausawa ɗan acaɓa, wanda a nan ake cewa bensikin, zai kai mutum cikin ɗan lokaci idan hanya ba ta cushe ba.

Nan ne babbar matsayar kifin teku ta birnin. Da sassafe jiragen katako masu inji suke shigowa daga sansanonin masunta, mata 'yan sari suna jira da manyan robobi, masu ƙanƙara da masu fere kifi kowa na harkarsa. An sabunta matsayar da kasuwar kifin a 'yan shekarun nan da tallafin ƙasar Japan. Kifin da aka fi gani shi ne wanda ake kira bar da sol da kuma bonga, wani ɗan kifi mai yawan ƙaya da ake bandawa a sayar da sunan bifaka. Akwai ƙaguwa da jatan lande. Wanda ya zo daga arewa ya ji ana cewa kapiten kada ya ɗauka giwan ruwan Binuwai ko na tafkin Chadi ne: na teku daban yake, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Jatan landen nan ma yana da nasa tarihi. Wajen shekarar 1472 matuƙan jiragen Fotugal suka iso wannan bakin kogi, suka tarar da shi cike da wani irin jatan lande, suka sa masa suna Rio dos Camarões, kogin jatan lande. Daga wannan kalma sunan Kamaru ya fito.

Tsallaka ruwa

Jiragen fasinja na Manoka daga Yupwe suke tashi, kuma kamar motar tasha, sai sun cika. Tafiyar takan ɗauki wajen awa guda, ya danganta da ƙarfin inji da nauyin kaya da yanayin ruwa. Da farko jirgi yana bin rafuka ne masu ƙunci tsakanin itatuwan da mutanen gaɓa ke kira matanda, Faransawa kuma palétuvier, masu saiwoyi kamar ƙafafu a tsaye cikin laka. Daga nan sai a fito fili, inda kogunan Wuri da Mungo da Dibamba suka haɗu kafin su faɗa tekun Atlantika. Faɗin wurin yakan ba baƙo mamaki, domin akwai inda ba a hango gaɓa sai wani siririn layi kore. Idan sama ta washe ana hango dutsen Kamaru a yamma, mai tsawon sama da mita 4,000.

Abu na farko da ɗan tudu ya kamata ya fahimta shi ne ruwan nan yana cikowa yana janyewa sau biyu kowace rana, kuma lokacin yana gusawa da kusan minti 50 daga yau zuwa gobe, domin wata yake bi. Komai na tsibirin a kan wannan yake tafiya: fitar masunta, tashin jirgi, da ko za a iya bin gaɓa da ƙafa. Yashin da aka taka da hantsi yana iya zama ƙarƙashin ruwa da la'asar. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci a yi wa matuƙin jirgi tun a Yupwe ita ce yaushe ruwa zai janye, kuma yaushe jirgin ƙarshe zai baro tsibirin.

Rigar ruwa ba ado ba ce. Haɗarin da aka fi samu a wannan hanya yana zuwa ne daga lodin da ya wuce kima da tafiyar dare da iskar hadari. Jirgin da aka danƙara wa buhunan siminti da jarkokin mai har bakinsa ya kusa shafar ruwa, gara a bar shi ya tafi a jira na gaba. Duwala tana cikin biranen da suka fi samun ruwan sama a Afirka, kusan ninki huɗu na abin da Kano ke samu a shekara, kuma mafi tsananinsa daga Yuli zuwa Satumba ne. Lokacin da ya fi dacewa da wannan tafiya shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu.

Sai batun takardu. Yankin hanyar shigar manyan jiragen ruwa ce, jami'an tsaro suna sa ido a kansa, kuma ana iya tambayar katin shaida. Ɗan Kamaru ya riƙe katinsa, baƙo ya riƙe fasfo ko takardar zama. 'Yan uwa masu zuwa daga Najeriya ko Nijar ko Gana su tuna Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, tana cikin CEMAC ne, don haka dokokin shige da fice ba ɗaya suke da na gida ba. Kada kuma a ɗauki hoton sansanin soja ko jirginsu.

Manoka

Manoka shi ne hedikwatar gundumar Duwala ta Shida, gundumar da duk ƙauyukanta a tsibirai da bakin rafuka suke. A takarda yanki ne na birnin Duwala, amma mai sauka daga jirgi ba zai ga alamar birni ba: gidajen katako, wasu a kan turaku, hanyoyin yashi, koma shanye a rana, da hayaƙi. Ana ba da labari cewa sunan ya samo asali ne daga wata Bajamushiya ma'aikaciyar mishan mai suna Monika da ta zauna a tsibirin, harshen mutanen wurin ya juya sunan. Yankin ƙasar Malimba ce tun asali, dangin Duwala, amma yau masunta da yawa a sansanonin 'yan asalin gaɓar Najeriya ne, Ijo da Ilaje da Ibibiyo, wasu an haife su a nan, iyayensu ma haka. Da broka ake ciniki fiye da Faransanci. Bahaushen New Bell da ya san abin da ake nufi da zama baƙo a garin da aka haifi kakansa ba zai rasa abin hira da su ba.

Hayaƙin na bandar kifi ne. Babu isasshiyar wutar lantarki da za ta riƙe ƙanƙara, don haka abin da ba a kai Yupwe ɗanye ba sai a banda shi. Mata ne ke wannan aiki, a dogayen rumfuna masu gadon waya da wuta a ƙasa, kuma abin sha'awa ga mai jin Hausa shi ne sunan da ake kiran waɗannan rumfuna a gaɓar Kamaru: banda. Kifin yakan kwana a kan wuta ana juya shi har ya bushe yadda zai jure tafiya, daga nan ya shiga kwando zuwa kasuwannin Duwala da Yawunde, wani kuma ya bi ruwa zuwa Najeriya.

Itacen da ake ƙonawa matanda ne, kuma a nan matsalar take. Saiwoyin matanda su ne ke riƙe laka, su karya ƙarfin igiyar ruwa, a cikinsu kuma ƙananan kifi da jatan lande ke girma. Duk inda aka sare su, teku yana samun ƙofa. Mai banda ta san haka sarai, amma ba ta da wani makamashi, kuma kifin da ba a banda ba yau asara ne gobe. Ƙungiyoyi sun kawo murhunan banda masu cin itace kaɗan a wasu sansanoni, sai dai tsohuwar rumfa ita ce har yanzu ta fi yawa. A Kap Kamaru, wani ƙauyen masunta na wannan gunduma, akwai dogon ƙarfen sadarwa da aka kafa a kan tudu cikin gari, yau yana tsaye cikin ruwa, gidajen da ke kewaye da shi sun tafi. Kudu da nan kuma dajin Duwala-Edeya ne, wanda aka keɓe tun 1932, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 2018.

Tattaki zuwa hasumiya

Daga matsayar jirgi ana bin ƙauye ne a fita gaɓa. Ya kamata a fara gaida mai unguwa ko wani dattijo, a nemi yaro ko saurayi ɗan wurin ya yi jagora, a kuma daidaita abin da za a ba shi tun kafin a tashi. Ba don hanyar tana da ruɗani ba ne, don shi ya san inda yashi ke da ƙarfi da inda laka ke haɗiye ƙafa har gwiwa. Takalmin roba ya fi na fata. A ɗauki ruwan sha daga Duwala, domin ruwa mai kyau yana wuya a tsibirin, da hula, da maganin sauro. Wanda salla ta riske shi a hanya, ruwan teku yana alwala.

Gaɓar ba irin farin yashin da ake gani a hotunan Kiribi ba ce. Yashi ne mai duhu gauraye da laka, da kututturan itatuwan da ruwa ya kayar, da tarkacen roba da kogi ya kwaso daga birni. Ƙananan ƙaguwa suna gudu su shige ramukansu idan sun ji motsi. Can nesa manyan jiragen dakon kaya suna jiran izinin shiga tashar Duwala.

Hasumiyar kanta kango ce. Rufi ya tafi, itatuwa sun kafa saiwa a jikin bango, gishiri da damina sun ci ginin, kuma teku yana matsowa. Babu mai sayar da tikiti, babu shinge. Hawa samanta ganganci ne. Wanda ya taɓa ganin gidajen Elmina ko Kef Kos a Gana, da farin bangonsu da igwoginsu da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, zai ga wannan ƙaramin abu ne, kuma akwai dalili. Fotugal ta gina Elmina tun 1482, Turawa suka yi ta jera irinsa a gaɓar Gana. A bakin Wuri kuwa sarakunan Duwala sun daɗe ba su bar Bature ya yi gini a tudu ba. Har cikin ƙarni na 19 'yan kasuwar Ingila da na Jamus a cikin tsofaffin jiragen da aka ɗaure a tsakiyar kogi suke zaune, daga nan suke sayen manja da hauren giwa, Duwalawa kuma su ne dillalai tsakaninsu da mutanen cikin ƙasa. Gine-ginen Turawa na wannan yanki kusan duk bayan 1884 aka yi su. A tsinin Suwelaba da ke kusa da Manoka Jamusawa sun yi wurin hutawar marasa lafiyarsu, saboda iskar teku.

Wane ne Manga Bell

A ranar 12 ga Yuli 1884 Sarki Bell, wato Ndumbe Lobe Bell, da Sarki Akwa da wasu shugabannin Duwala suka sa hannu a yarjejeniya da wakilan kamfanonin Jamus. Kwana biyu bayan haka Gustav Nachtigal ya ɗaga tutar Jamus. A cikin yarjejeniyar akwai sharaɗin cewa ƙasar da mutane ke nomawa da wadda garuruwansu ke kai za ta ci gaba da zama tasu da ta magadansu.

Rudolf Duala Manga Bell jikan wancan Sarki Bell ne. Ya yi karatu a Jamus, a garuruwan Aalen da Ulm, a shekarun 1890, ya iya Jamusanci ya san dokokinsu, ya gaji sarauta bayan rasuwar mahaifinsa a 1908. A 1910 hukumar mulkin mallaka, ƙarƙashin jami'in gunduma Hermann Röhm, ta fito da shirin kwashe Duwalawa daga bakin kogi, a mai da wurin unguwar Turawa zalla. Hujjar da aka bayar ita ce zazzaɓin cizon sauro. An tsara a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya ba kowa tsakanin Turawa da baƙar fata, a bayansa kuma a yanka sababbin unguwanni: New Bell da New Akwa da New Deido. Diyyar da aka yanka ba ta kai ko kusa da darajar filayen ba, kuma wurin da aka nuna musu nesa yake da kogin da suke ci daga gare shi.

Manga Bell bai ɗauki makami ba. Da takarda ya yi faɗa. Shi da sauran sarakuna suka aika koke majalisar dokokin Jamus a 1911 da 1912, suna kafa hujja da yarjejeniyar 1884. Aka tuɓe shi daga muƙaminsa a 1913. Da aka hana su tura wakilai, sakatarensa Adolf Ngoso Din ya fita a ɓoye ya isa Jamus, ya haɗu da lauyoyi da 'yan majalisa na adawa, har maganar ta tayar da ƙura a Berlin. Daga nan sai hukuma ta samu abin da take nema: labari ya zo daga Fumban, ta hannun 'yan mishan, cewa Sarki Njoya na Bamun ya ce an aiko masa da manzo ana neman ya shiga tawaye. A kan wannan aka tuhumi Manga Bell da cin amanar ƙasa. Aka kama shi, aka kama Ngoso Din a Jamus aka dawo da shi. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a farkon Agusta 1914, aka yi musu shari'a cikin gaggawa ranar 7 ga wata, aka rataye su a Duwala ranar 8. A wannan rana kuma aka harbe Martin-Paul Samba a Ebolowa.

Labarin da ake bayarwa a Manoka shi ne a cikin wannan hasumiya aka tsare sarkin kafin a kashe shi. Wannan riwaya ce ta baka, ta mutanen tsibirin da ta masu jagora. Shari'ar da ratayewar kuwa a Bonanjo aka yi su, a tsakiyar gari. Mai ziyara zai iya riƙe duka biyun ba tare da ya yi gardama da jagoransa ba: shekara ɗari da 'yan kai ke nan mutanen wani tsibiri suna kiran kango da sunan mutumin da aka kashe a kan maganar fili.

Jamusawa ba su daɗe bayansa ba. Jiragen yaƙin Ingila da Faransa suka taru a bakin kogin, a ruwan da jirgin Yupwe ke ratsawa yau. Jamusawa sun nutsar da jirage don su toshe hanya, bai hana ba, Duwala ta miƙa wuya ranar 27 ga Satumba 1914. Cikin sojojin da Ingila ta kawo daga Najeriya da Gana akwai Hausawa da yawa, kamar yadda akwai su a rundunar Jamus ɗin ma. Yaƙin Kamaru bai ƙare ba sai da sansanin dutsen Mora ya sallama a Fabrairu 1916.

Yadda New Bell ta zama ta baƙi

Mutanen Bell ba su taɓa karɓar New Bell da zuciya ɗaya ba. A zamanin Faransa yawancinsu suka koma Bali, kusa da tsohon mazauninsu, unguwar da aka yanka musu kuma ta cika da waɗanda suka zo neman abinci: Hausawa fatake da mahauta, Bamileke, Basa, Ewondo, da mutanen Yammacin Afirka. Kowane rukuni ya kama ɓangarensa da mai unguwarsa, shi ya sa har yau ake cewa New Bell Hausa, New Bell Bamileke, New Bell Basa. Filin da masallatai da makarantun allo na Hausawan Duwala suke kai yau, shi ne filin da Manga Bell ya ƙi a tura mutanensa.

Wanda ya dawo daga Manoka da sauran rana, ko ya ware wata safiya, zai iya ƙarasa labarin a Bonanjo. A can ne fadar sarakunan Bell take, wadda ake kira La Pagode saboda rufinta mai hawa-hawa. Mahaifin Rudolf, Auguste Manga Ndumbe, shi ya gina ta a 1905. Tsohon ofishin 'yan sandan Jamus inda aka zartar da hukuncin yana nan kusa, ana zuwa da ƙafa. Kowace ranar 8 ga Agusta Duwalawa suna taron tunawa da shi da suke kira Tet'Ekombo, a farkon Disamba kuma ana bikin Ngondo a bakin Wuri, da tseren kwalekwale. A Jamus ma, a Disamba 2022 hukumomin Berlin suka cire sunan Nachtigal daga wani dandali a unguwar Wedding, suka sa masa Manga-Bell-Platz.

Masu son ganin wani wurin tarihi na gaɓa suna iya zuwa Bimbiya, kusa da Limbe, tsohuwar tashar cinikin bayi ta mutanen Isubu, inda ginshiƙan dutse suke tsaye cikin dajin gora. Sai dai tana yankin Kudu maso Yamma, inda rikicin da ya fara a 2016 bai lafa gaba ɗaya ba, kuma ranar Litinin harkoki sukan tsaya a garuruwa da dama, don haka a tambayi mutanen Limbe halin da ake ciki kafin a kama hanya.